Ɗan-Tsaya Mai Hoto, Abokin Gardamata na Tsallaken Titi

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka dosa gaba ɗaya. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, ina zaune a shagona na kwance cikin wata tsohuwar kyamara, Auta, 'yar Ɗan-Tsaya, ta tsallako titi ta tsaya a bakin ƙofa, mayafinta a hannu. Ta ce, "Baba Likita, Baba ya cika." Na ajiye sukudireba na ce mata ta zauna, ta ce ba za ta iya ba. Na tashi na bi ta.

Ɗan-Tsaya, na gaji da rakiya. A layinmu na raka tela, na raka mai gyaran agogo, yanzu ga ka. Na so in yi shiru, amma 'ya'yanka sun ce in rubuta wani abu, tunda ni na fi kowa daɗewa ina kallonka.

Ga wanda bai sani ba, ba sunan yanka ba ne Ɗan-Tsaya. Mutane ne suka laƙaba maka shi, don duk wanda ya zauna gaban labulenka ya gyara hula ya ƙame, sai ka ce masa, "Ɗan tsaya." Ka matsar da kujera, ka ɗage labulen taga kaɗan, ka tambaye shi lafiyar gida, har sai ya manta hoto ya zo yi. Sannan ka danna. Ni kuwa kai ka sa mini Likita, don gyaran kyamara ne sana'ata, shagona yana kallon naka.

Tun muna da baƙin gashi muke gardama ɗaya. Ni ina cewa ba a yin aiki mai kyau da kayan banza. Kai kana cewa kyamara akwati ce mai rami, ido ne yake ɗaukar hoto. Duk sabuwar da ta shigo hannuna sai in kira ka in nuna maka, ka juya ta, ka yaba nauyinta, ka ce, "Ta yi kyau, Likita. To wa zai gaya mata lokacin da za ta danna?"

Na tuna ranar da wata mata ta zo maka, mai sayar da kayan miya, wadda wuta ta taɓa cin kuncinta na hagu tun tana ƙarama. Ɗanta da ke karatu a nesa ne ya roƙi hotonta. Ta zauna ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta ce ka yi sauri. Ba ka ce ta buɗe ba. Ka tambaye ta me yaron yake karantawa, ta fara ba ka labari, hannu ya saki gyale, ta ɗaga kai tana dariyar wata wautarsa ta ƙuruciya. Tabon yana nan a hoton, ba ka ɓoye shi ba, amma duk wanda ya kalla dariyar yake fara gani. Da ta zo karɓa ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ashe haka nake." Da tsohuwar kyamararka ka ɗauka, wadda na ɗaure murfin bayanta da waya.

Amma ni ma ina da ranata. Na faɗa maka maɓallin wannan kyamara ya fara cijewa, ka kawo in buɗe, ka ce ka san halinta. Ka tafi da ita ɗaurin aure. Da ka wanke fim, rabinsa baƙi ƙirin. Ka tsallako da shi a hannu, fuska ba jini. Abin da ya sa nake girmama ka shi ne abin da ka yi bayan nan. Ba ka ɗora wa fim laifi ba, ba ka ɗora mini ba. Ka je gidan da ƙafarka ka ce wa uban ango, "Laifina ne, an gargaɗe ni na ƙi ji." Ya faɗa maka maganganu masu zafi ka shanye. Sannan ka bi dangin gida gida har suka yarda suka sake sa kayan bikin, ka sake ɗaukar su. Kakar amarya ba ta samu zuwa ba, ta kwanta ciwo, kuma ba ta tashi ba. Wannan ya tsaya maka a rai har tsufa. Daga ranar kana kawo mini kyamara kafin kowane taro, kana gunaguni kana miƙo ta.

Sai zamani ya juya mana baya mu biyun. Kowa ya samu waya a aljihu. Benci a ƙofar shagonka ya zama wurin hira, ni kuma kantata ta cika da kyamarorin da masu su ba su dawo karɓa ba. Ba ka taɓa zagin waya ba. 'Yan mata kan shigo su ce ka ɗauke su da tasu, ka karɓa, ka juya su wajen haske, ka miƙa musu ba ka karɓi komai ba.

Abin da ya karya ka ba waya ba ce, hannunka ne. Karkarwa ta fara a yatsu, ka ɓoye ta cikin aljihun riga. Hotuna suka fara fitowa dishi-dishi. Ka kawo mini kyamara ka ce gilashinta ya lalace. Na kwance, na goge, na gwada, lafiyarta ƙalau. Ka sake kawowa, na sake dubawa. Na gane ba daga kyamara ba ne, amma na ci gaba da dubawa. Wata rana bayan la'asar ka shigo ka zauna a kan kujerar da ke kusa da ƙofa, ka ɗora hannun a gwiwa muna kallonsa yana rawa. Ka ce, "Likita, ido na gani, hannu ya ƙi."

Na ciro maka sanda mai ƙafa uku, irin wadda ka saba cewa ta malalata ce, na haɗa maka igiyar dannawa don kada ka taɓa jikin kyamarar. Ka ce, "Kada ka je kana cewa ka ci gardama." Na ce ba zan faɗa ba. Gaskiya kuwa ban ji daɗin komai ba. Da na san ta haka za ka karɓi kayana, da na fi so ka ci gaba da raina su. Da wannan sanda ka ƙara shekaru kana aiki, a hankali, mutum ɗaya ko biyu a yini, har ciwon ya hana ka fitowa.

Bayan an share makoki, maiɗakinka ta aiko Auta ta tambaye ni ko ina da wani hotonka kana bakin aiki, don nasu duk na taro ne, ka ƙame a cikinsu kamar baƙo. Sai na tuna cewa duk kyamarar da na gyara, ta ƙofa nake leƙa ta in danna don gwaji, kuma shagonka ne a gabana. Na zazzage akwatin da nake zuba irin waɗannan. Ga ka kana shara, ga ka kana rataye labule, ga ka kana hamma. Ba ko ɗaya mai kyau. Wani na yanke maka kai, wani haske ya cinye ka. Da manyan kyamarori na ɗauke su, waɗanda ba ka taɓa mallakar irinsu ba. Na kai mata ina jin kunya. Ta baje su a tabarma, ta zaɓi wani karkatacce, kana tsaye ka riƙe ƙugu kana duban sama ko hasken ya yi. Na ce, "Hajiya, wannan ai bai fita ba." Ta ce, "Haka yake tsayuwa. Bar mini shi."

Allah Ya jiƙan ka, abokina. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da Auta da yayyenta, da jikoki, da sauran 'yan layinmu da suka rage. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Mu kuma da muke zaune muna jiran namu lokaci, Allah Ya sa mu cika da imani.