Gahawar Doña Nurys

Da hantsi za ka ga Doña Nurys Taveras tana hawa unguwarmu a Moca, jaka a kafaɗa, tana mitar gwiwarta. Ma'aikaciyar lafiya ce mai bin gidajen masu ciwon taɓin hankali. Duk gidan da ta shiga sai ta sha gahawa, kuma ba ta karɓa sai daga hannun marar lafiyar. Mun daɗe muna cewa kwaɗayi ne.

Ƙanena Radhamés na fama da sikizofireniya, ciwon da ke sa shi jin muryoyin da babu su. Magani ya kashe muryoyin, amma ya bar masa rawar hannu da sanƙarewar wuya. In ya kawo mata gahawa, tun daga madafa kake jin kofi na kaɗawa a kan faranti.

Wata safiya ya kawo, ko ɗigo bai zuba ba. Mahaifiyarmu ta ɗaga hannu sama: "Mun gode Allah, ya warke!"

Doña Nurys ta ajiye kofin ba ta kurɓa ba. "Ɗana, yaushe rabonka da magani?"

"Haba Doña, ina sha mana."

"Kai, tafi can! Wannan hannun ya fi ka gaskiya."

Sai ya fashe da kuka. Ashe a teburin wasan domino na bakin kanti 'ya'yan wasan ke zubewa daga hannunsa, kowa ya ga abin da ya riƙe. Abokin wasansa Fellito ya ce masa, "Malam girgiza, je ka kaɗa caki a coci." Shi ne Radhamés ya daina shan maganin. Karon baya da ya daina, a bakin titin Santiago muka tsinto shi ba takalmi.

Ke ce ba ki yi masa faɗa ba, Doña. Kika ce yana da gaskiya, rawar hannu ba ƙaramin abu ba ne. Kika ɗora shi a babur ɗin haya har gaban likita, kika tsaya kai da fata sai da aka sauya maganin. Da yamma kika ja kujera a bakin kanti, kika ce, "Fellito, matsa. Yau ni ce abokiyar wasansa, kai kuma ka nemi mai haƙuri da bakinka." Kin sha kaye, don ba ki iya wasan ba ko kaɗan, amma Radhamés ya koma teburin.

Uwar marasa lafiya, mun gode. Masu tasowa a wannan aiki, ku riƙa duban hannun mutum, ku tambaye shi abin da magani ya raba shi da shi.

A makon jiya ta ajiye aiki, ta zo sallama. Radhamés ya kawo gahawa, kofin na ɗan motsi kaɗan a kan faranti. Ta kasa kunne, ta yi murmushi.

"Yauwa, ɗana," ta ce. Ta shanye tas.