Mai Rabo da Tayoyin Dangi

A gidanmu na Salaga, in mutum ya sayi mota, dangi ba sa zuwa barka hannu rabbana. Da na sayo tsohuwar jif ɗina don hanyoyin ƙauyukan doya, kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya aiko da taya daga Kpandai, surukina ya aiko da tasa daga Gushegu. Kyauta kuwa ba a jefa ta ɗaki, dole mai ita ya gan ta tana aiki. Na cire tayoyi biyu masu lafiya na sa nasu, kowa ya ji daɗi. Motar ce kaɗai ba a tambaya ba.

Bayan wani lokaci ta fara gunaguni daga ƙarƙashi. In na sha kwana sai ta yi ƙas-ƙas tana fizga, ni kuma in ƙara muryar rediyo.

Ana nan 'yata ta haihu a Bawku, mace, aka ce sunan Inna mahaifiyata za a sa. Inna ta tsufa, ƙafa ta ƙi, amma ta ce sai ta ji sunan nan da kunnenta. Ita jikar fataken goro ce, Hausarta cikakkiya, ba ta yafe wa kowa kuskure. Mu 'yan zango komai "shi" ne a bakinmu, mace ko namiji. Tun muna yara take gyara mana, har yau ba ta gaji ba.

Muka kama hanya ni da ita. Muna shiga Yendi motar ta yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a turmi, ta tsaya cak. Ga shi kuma suna ya matso. Aka tura mu wurin wani fita, wato makanike, Badagombe mai fara'a. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana goge hannu.

"Alhaji, mota shi ba lafiya."

"Ita," in ji Inna daga kujerar baya.

"To Hajiya, ita. Giya shi lafiya. Mai rabo ne ya gaji."

Inna ta ce wane ne kuma mai rabo? Ya nuna mana wani akwatin ƙarfe a bayan giya, wanda ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Da ya sauke shi ya buɗe, man ciki ya yi baƙi ƙirin, da garin ƙarfe a ciki, sarƙar kuma ta saki har tana tsallake haƙora. Sai ya ɗauki igiya ya zagaya kowace taya yana awo. Ta kawu ta fi sauran girma, ta suruki ta gaza. Ya ce tun ranar da aka sa su mai rabo ke kokawa, wannan na sauri, waccan na jan ƙafa, shi kuma yana tsakiya. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta san aikin, shekara da shekaru tana raba nama a gidan yawa.

Muka kwana gidan wani malami abokin mahaifina, yayin da ake jiran sarƙa daga Tamale. Na ga Inna tana yawan shafa zanen goyon da ta saya wa jaririya. Abin ya dame ni ƙwarai. Sarƙa ta iso, fita ya wanke akwatin da fetur, ya ɗaura sarƙar, ya zuba sabon mai, ya nemo tayoyi biyu daidai da na asali. Na ce to ya zan yi da kawu, wanda tabbas zai je sunan, kuma ƙafar mota zai fara dubawa kafin fuskata? Inna ta ce a ɗaure tayoyin kyauta a saman mota, sauran a bar mata.

Muka bi ta Gushegu, motar shiru kamar ba ita ba. Duk kwanar da na sha sai in kasa kunne, ban ji komai ba sai Inna tana gyara wa mai rediyo magana.

Da hantsi muka shiga Bawku ranar suna, an riga an shimfiɗa tabarmi. Kawu ya taso, ya dubi ƙafafun motar, ya dubi samanta, sannan ya juya ga Inna.

"Yaya, tayata ce can a sama?"

"Taka ce," in ji Inna. "Na ce kyautar ƙanena ta fi ƙarfin taka ƙasa."

Ya gyara hula, ya koma ya zauna yana murmushi.

Aka kai Inna bakin ƙofar zaure, aka miƙa mata jaririya. Liman, mutumin Bawku ne, ya faɗi sunan da ƙarfi, sannan ya ce, "Allah ya raya shi, Allah ya sa shi gaji mai suna."

Na juya ina jiran "ita". Inna na rungume da takwararta, hawaye na zuba a kan sabon zanen, ta ce amin.