Saiwar Kalankuwa Daga Ƙofar Kuyambana

Mun tashi da asuba daga Nguru, ni da ƙanena, a cikin tsohuwar motar haya wadda sai da aka tura ta kafin ta yarda ta tashi. Inna ce ta aike mu Zariya, garin haihuwarta. Yanar ido ta rufe mata gani, ƙafa kuma ta daina ɗaukarta, ita da kanta ta san ba za ta sake taka birnin ba. Ba ta ce mu kawo zane ko turare ba. Kalankuwa take so, wata ciyawa mai fure rawaya da ke fitowa a gindin ganuwa bayan gidansu.

Hanyar Haɗeja duk ramuka, ruwan ƙarshen damina ya cika su, direba yana kauce wa ƙanana yana faɗawa manya. A Kano muka tarar da layin mai, kuɗin mota ya ƙaru. Da muka kai Kwanar Ɗangora ƙanena ya sayi gasasshiyar masara uku da naira, ya cinye biyu, sannan ya tuna da ni. Daga nan ƙasa ta fara ja, dawa ta fi mutum tsawo, rake jibge a bakin titi.

Bayan la'asar muka shiga Ƙofar Kuyambana. Lungunan birni sun matse, zaure na bin zaure, kowane dattijo ka tambaya sai ya fara jin ko kai ɗan wane ne kafin ya nuna maka hanya. Iya, ƙanwar Inna, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, tana tambayar ko har yanzu yayarta na faɗa in an cika gishiri.

Da safe muka zagaya bayan gida. Ganuwar ta zube, an kwashe ƙasarta an yi tubali, awaki sun share ragowar ciyawar tas. Muka bi gindinta har rana ta yi zafi, ko ganye ɗaya ba mu gani ba. Ƙanena ya ce mu sayi furen Turawa a Sabon Gari, ai Inna ba gani take ba. Na yi masa kallon da ya sa ya shiga gyaran hula, amma ni ma ban san me zan je in faɗa mata ba.

Iya ta saurari bayaninmu, ta ɗauki mayafi da wuƙar girki, ta ce mu biyo ta. Ta kai mu wajen gari, bakin maƙabartar da aka rufe kakarmu. Shingen ƙaya ya hana dabbobi shiga, kalankuwa ta cika wurin, har ta ratso shingen ta fito waje. Mu biyu muka shiga muka yi addu'a, ita ta tsaya daga waje. Da na fito na hau tsinkar furanni kamar mai kai wa amarya, sai ta buge min hannu.

"Wannan kafin ku kai Kano ya mutu," in ji ta. "Saiwa ake ɗauka, ita ke dawowa duk damina."

Ta durƙusa ta tona ta wajen shinge, ta raba saiwar biyu da wuƙa, ta mayar da rabi ta binne. Ta ce haka mahaifiyarsu ke yi, ba a tumɓuke abu gaba ɗaya a bar gurbinsa fayau. Ɗaya rabin ta sa a gwangwanin madara da jar ƙasar wurin.

A hanyar dawowa gwangwanin na kan cinyata, ina tsiyaya masa ruwan buta duk inda aka tsaya salla. Wata mata ta tambaya ko maganin basir ne, har ta nemi in sam mata. Tun daga Ringim ganyen ya langwaɓe, kafin Nguru ya kwanta gaba ɗaya. Na shiga gida na miƙa wa Inna gwangwanin.

Inna ta shafa ganyen, ta ji kaushinsa, ta murza ɗaya ta sansana. Sai ta ja zane ta nuna mana tabo a ƙaurinta. Ta ce tana yarinya ta faɗo daga ganuwa, mahaifiyarta ta matse mata wannan ganye jinin ya tsaya. Ta tura yatsa cikin gwangwanin ta taɓa saiwar, ta ce, "Da ranta. Wa ya yanka ta?" Na ce Iya ce, kuma rabin yana can kusa da kakarmu. Hawaye suka bi kumatunta.

Na tafi ina ganin aiken tsofaffi ne kawai, na dawo na gane gida Inna ke nema, kuma ko rabinsa aka kawo mata ya isa. Mun dasa ta a gindin randa. Shekaranjiya ta fitar da sabon toho, Inna ce ta riga kowa sani, domin kullum da safe sai ta lalubo wurin ta shafa.