Kekena Ya Riga Ni Shiga Gidansu

Littattafan soyayya ne suka lalata ni tun ina sakandare. A cikinsu saurayi ba ya isa wurin zance da gumi. Daga mota mai sanyi yake fitowa, ƙamshin turarensa ya riga shi yin sallama. Ni kuwa ina zaune ne a Nassarawo, a ɗakin haya wanda in na shimfiɗa katifa sai ƙofa ta ƙi buɗuwa, wadda zuciyata ta maƙale wa kuma tana can Sahuda. Abin hawana tsohon keke ne baƙi, mai kukan da ke sanar da unguwarsu zuwana tun daga bakin titi. Ɗakina bai ɗaukar mu mu biyu, saboda haka a waje yake kwana, damina na cinsa. In kuma tayarsa ta sace a hanya, masu napep sai su dube shi su wuce.

Wata rana na ga wani keke a waya, mai ƙananan tayu, wani mutum ya naɗe shi kamar tabarma ya shiga mota da shi. Na kwana uku ina zana irinsa a bayan littafin da nake rubuta mata wasiƙu. Sannan na ɗauki zanen na nufi rumfar kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai walda, wanda duk rayuwarsa ƙofofi da tagogi yake ƙerawa.

Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya karanta wasiƙar da ke ɗaya gefen da ƙarfi har maƙwabtansa suka ji.

"Ya ke hasken idaniyata," in ji shi. "To, malam masoyi, wanne zan ƙera maka, keken ko hasken?"

"Kawu, don Allah. Keken da ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ya kwana a ƙarƙashin gado."

"Kana da gado ne?"

Duk da haka ya karɓa. Ya yanke kekena biyu da zarto ina tsaye ina salati. Muka samo tayun keken yara muka sa, sai sirdi ya yi ƙasa har gwiwoyina suna dukan haɓata, don haka ya ƙara masa tsawo da bututun ruwa. A inda ya yanka ya liƙa irin ƙarfen da ƙyauren ƙofa ke lilo a kansa, ya sa sakata ta riƙe. Mai ƙofa dai ƙofa ya sani. Gwajin farko, ina gangarawa wajen mayo, wato rafi, sakatar ta zame, keken ya naɗe da ni a tsakiya, tayar baya ta zo ta gaida ta gaba. Mata masu wanki suka bar wankinsu suna tafa hannu.

Sai Kawu ya ƙara wani ɗan ƙusa a ɓoye ƙarƙashin sakatar. Daga nan naɗewa ta zama abu mai sauƙi, kowa zai iya. Buɗewa ce sai wanda ya san sirri: ka mayar da feda baya, ka danna ƙusan da babban yatsa, sannan ka bugi sakatar da tafin hannu. In ka tsallake ɗaya, ko jaki ka ɗaura masa ba zai buɗe ba.

A makon ne masoyiyata ta gaya mini babanta yana son ganina. Duk zancenmu a gindin dalbejiyar ƙofar gidansu muke yi, ban taɓa wuce zaure ba. Mutumin Bafulatani ne, manomi, mai ƙarancin magana, kuma na san daga wannan gaisuwar za a san ko in ci gaba da zuwa ko in nemi wata dalbejiyar. Na sa farar shadda. Kafin in kai layinsu na sauka, na naɗe keken, na zura shi a sabon buhu, na ɗaure bakin da igiya mai kyau. A raina, ga saurayi nan tafe a natse, babu kuka, babu ƙura, kamar wanda direbansa ya sauke shi a kwanar baya.

Na tuɓe takalmi na shiga zaure, na durƙusa. Buhun kuwa, maimakon in jingine shi a bayana, sai na ajiye shi a gabana, daidai bakin tabarmarsa. Duk ɗan da ya tashi a ƙasar nan ya san abin da aka ajiye gaban babba lokacin gaisuwa na babban ne. Ni ma na sani. Hankalina ne yana can wajen jimlar da na haddace.

"Jabbama, ɗana," ya ce, yana yi mini maraba da Fulatanci. Ya dubi buhun. "Kai, har da ɗawainiya haka? Useko, na gode. Allah ya yi maka albarka."

Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Amin, Baba. Ba yawa."

Ya ɗaga murya ya kira ta. Ta shigo kanta a sunkuye, ta gaishe ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ga hancin feda ya leƙo ta jikin buhun. Ta san shi sarai, don jiya-jiya na gama yi mata alfahari da shi. Ta ciji leɓe, kafaɗunta na rawa don dariya, ta rungumi kekena ta shige da shi cikin gida.

Da ƙafa na koma Nassarawo, rana tsaka, farar shaddar nan ta koma kalar kunu. Kawu da ya ji labari sai da ya kashe injin walda don ya yi dariya da kyau.

"Ka koma ka ce kuskure ne mana."

"Kawu, in karɓe kyauta daga hannun mutumin da nake neman 'yarsa?"

"To ka zaɓa, ko keke ko hasken idaniya."

Na riga na zaɓa, ƙafafuna ne kawai ba a yi shawara da su ba.

Kwana uku bayan haka ta kira ni, muryarta cike da dariyar da take dannewa. Ta ce an kwance buhu, an taru a kansa. Innarta ta ce injin surfen masara ne, wani maƙwabci ya rantse kujerar asibiti ce. Da ta ce musu keke ne, Baba ya ja, ya girgiza, har ya zuba masa man gyaɗa, bai buɗe ba. Yanzu ya ce in zo.

Ranar na fara taka tsakar gidansu. Ga rumbuna, ga turken shanu, ga kekena a kan tabarma kamar amarya. Nan shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Na durƙusa na ba Baba baya, babbar rigata ta rufe hannuna, na danna ƙusan, na bugi sakata. Keke ya miƙe.

"Yaya ka yi?"

"Bugu ɗaya ne, Baba, a nan." Na nuna masa sakatar kawai.

Ya hau ya zagaya rumbu sau biyu, kaji na watsewa, fuskarsa ba ta canza ba. Ita kuma ta kawo mini kindirmo a ƙwarya, ta tsaya tana gyara faifan da bai karkace ba.

Dabara ta ci. Bayan kwana biyu waya ta sake ƙara: Baba ya naɗe, keken ya ƙi buɗuwa. Na zo, na ba shi baya, na buɗe, na sha kindirmo. Haka muka yi ta yi har dawa ta fitar da kai. Innarta ta fara ajiye mini tuwo. Karensu ya daina yi mini haushi. Takalmina ya cinye ta dunduniya, amma ina jin kaina gwanin da babu irinsa a duk littattafan da na karanta, don babu jarumin da ya taɓa mayar da suruki mai neman taimakonsa. Wani lokacin tausayin dattijon yakan kama ni, in na ga yadda yake zaune shiru yana kallon bayana. Sai in tuna ƙwaryar, tausayin ya wuce.

Wata safiya Kawu ya aike ni Gude in auno ƙofar wani rumbu. Ina tafe a gefen hanya sai na ji ƙararrawa a bayana. Na waiga. Baba ne a kan kekena, fartanya ɗaure a baya, yana tuƙi a natse. Jiya da yamma da idona na ga ya naɗe shi bayan na buɗe, kuma ba wanda ya kira ni.

Ya taka birki. Na zube a ƙasa ina gaisuwa, ina neman ramin shiga. Ya sauka, ya naɗe keken a gabana. Sannan ya mayar da feda baya, ya danna ƙusan, ya bugi sakata, duk yana kallon cikin idona.

"Ka ba ni baya," ya ce, "amma ita ka ba ta gaba. Tun ranar farko ta nuna mini."

"Baba, wallahi ni..."

"Ni sau ɗaya na ce a kira ka. Sauran, ina dawowa daga gona sai ta ce, Baba naɗe shi, yana hanya. In zauna kamar wawa ina kallon rigarka." Ya gyara zaman fartanyar. "Na gaji, ɗana. Kindirmona ma ya gaji. Ka gaya wa kawunka ya zo da manyanku ranar Juma'a a yi magana."

Na shiga yi masa godiya, ina maimaita ta kamar karatu. Ya hau, ya ɗan yi gaba, sai ya sa ƙafa a ƙasa ya juyo.

"Ya taho da kayan aikinsa kuma. Sirdin nan yana cin mutum."

Ban auno ƙofar rumbun ba ranar. Na juya na kama hanyar rumfar Kawu da gudu.