Levi Gola da Kocin 'Yarsa

A Kafanchan, duk wanda ya haura shekara arba'in ya san Levi Gola. Daga Fadan Kagoma ya zo yana saurayi don koyon walda, amma ƙwallo ce ta fitar da sunansa. A zamaninsa, idan ya tsaya tsakanin sanduna, 'yan gaba sukan raina kansu. Gwiwa ce ta raba shi da fili, ya koma ga walda, ya auri Zipora, suka haifi 'ya ɗaya tilo, Faustina.

Tun tana rarrafe yake gara mata ƙwallo a tsakar gida. Ta tashi da son wasan kuwa, sai dai ba a ƙafa ba. A waya take buga tata ƙwallon, da manyan yatsu biyu, har ta gagari samarin unguwa. Da farko Levi dariya yake yi. Dariyar ta ɗauke ne da Musbahu ya shigo cikin maganar.

Musbahu mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, ɗan tsohon gidan 'yan tireda, gajere mai tumbi. Levi ya rantse bai taɓa ganinsa ya yi gudu ba, ko da ruwan sama ne ya biyo shi. Shi ne ya haɗa ƙungiya: Faustina, da wani Christopher daga Godogodo, da wasu biyu daga Sabon Tasha. Suka yi ta cin wasa ta intanet har suka sami gurbi a gasar ƙasashen duniya. Daga nan gidan Levi ya cika da suna ɗaya. Koci ya ce a rage shan sanyi. Koci ya ce a riƙa barci da wuri.

"Ni ma ai na sha gaya miki haka," in ji Levi.

"Baba, naka daban ne," ta ce, idonta a kan waya.

Abin da ya fi ƙona masa rai a majami'a ya faru. Fasto ya kira Faustina gaba, ya yi mata addu'a, sannan ya ce ikilisiya ta gode wa maƙwabcinmu Malam Musbahu da ya gano baiwar yarinyar nan. Aka yi tafi. Levi yana tsaye a ƙofa yana nuna wa mutane wurin zama, ba wanda ya waiwaye shi.

A hanyar gida Zipora ta ce, "Baban Faustina, fuskarka kamar an yi maka mutuwa."

"Gano ta ya yi? Ɓata ta yi da zai gano ta?"

Ana saura 'yan kwanaki gasar, Musbahu ya zo shagonsa da fara'a. "Oga Gola, taimako nake nema. Netwok yana yanke mana. Dogon ƙarfe muke so mu ɗora na'urar intanet a sama, kuma ba wanda zai yi shi kamar kai."

Levi ya bar shi tsaye a rana yana ta goge wata ƙofa, kafin ya ce zai duba. Ya so ya ƙi. Amma ya tuna idan netwok ya yanke, 'yarsa ce za ta sha kunya. Ya haɗa ƙarfen, ya je ya kafa shi da kansa. Washegari ya ji masu acaɓa suna yaba dabarar Koci da ya ɗaga na'ura sama.

Ranar Asabar ɗin wasan, su Faustina suna bugawa daga cikin shagon Musbahu, shi kuma ya fito da babbar talabijin ƙofar shagon, kasuwa ta watse ta taru a wurin. Levi ya ce aiki ya yi masa yawa. Ya kunna injin yankan ƙarfe don kada ya ji komai, amma ihun da aka yi lokacin da su Faustina suka fitar da 'yan Ghana ya fi ƙarfin injin. Ya ajiye tabarau, ya taka a hankali, ya laɓe bayan wata motar citta.

Wasa na biyu da 'yan Maroko ne, kuma Faustina ce ta ƙarshe da za ta buga. Aka tashi kunnen doki, aka je bugun fenariti. Levi ya ga kansa yana karkata jiki yana raɗa, "Hagu, hagu!" Golan Faustina ya faɗi dama. An fitar da su.

Ta fito daga shagon tana kuka. Levi ya fara ture mutane zai isa gare ta, sai ya ga Musbahu ya riga shi, ya miƙa mata hankici yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ita kuma tana gyaɗa kai. Levi ya tsaya cak. Musbahu ya ɗago ya hango shi, ya yafito shi da hannu. "Oga Gola, zo mana, 'yarka ce!" Wannan kirkin ma haushi ya ba shi, amma ya je. Faustina ta kifa kai a rigar aikinsa mai warin ƙarfe, ya dafa ta.

Bayan gasar ya sayi waya mai shafawa a ɓoye, yana son ya koyi wasan. Yatsunsa da wuta ta ƙone suka yi kanta, allon ba ya ko jin su. Ya ba Zipora wayar.

Yanzu duk safiyar Asabar yana filin firamare da usur a wuya, yana koya wa yaran unguwa tsaron gida. Ya hana su kiransa Koci. Suna gaisawa da Musbahu lafiya lau, har yakan aika masa da sabuwar citta daga gida, amma bai taɓa zama a bencin shagonsa ba. Ya sha gayyatar Faustina ta zo ta ga yaransa. Ta zo sau ɗaya, ta yaba, ta tafi kafin a tashi, don suna da atisayen gasar baɗi.