Ƙotar Eneko

Ni kaɗai na lura Kawu Benat ya koma ɗaukar kofin gahawa da hannun hagu. Ranar Lahadi ce, dangi sun cika teburi da wake da naman rago, kowa na magana a kan kowa. Ni da ma ba na iya kutsa baki cikin irin wannan hira, sai kallo. A gefen babban yatsansa na hagu akwai sabuwar kanta.

Yayan mahaifiyata ne. Ya zo Kalifoniya daga ƙasar Basko, can ƙetaren teku, yana ɗan shekara goma sha tara, ya bi tumakin wasu har ya samu nasa, a gabashin Bakersfield. Ɗa ɗaya ya haifa, Eneko, bahago, wanda motarsa ta faɗa babbar magudanar ruwan gonaki shekara huɗu da suka wuce, bai fito da rai ba. Ya bar wa ubansa bindigar da yake korar diloli da ita lokacin haihuwar tumaki. Ƙarfen na kanti ne, amma ƙotar, katakon da ake jinginawa a kafaɗa, shi ya sassaƙa ta daga wata bishiya da iska ta kayar a bayan garke. Ya huda mata rami daidai babban yatsansa, ta ɓangaren hagu. Gumi da maiƙon ulu sun sa bakin ramin ya yi baƙi, ya yi santsi. Kawu ba bahago ba ne, amma da tsufansa ya koyi harbi da hagu, don yatsansa ya kwanta inda na ɗansa ya kwanta.

A bazarar nan aka tsayar da wani maƙwabcinmu a hanya, aka ƙwace tasa bindigar, har maganar kotu. Mahaifiyata ta tsorata, ta ce in karanta wa yayanta dokar, tunda ni ce na yi jami'a. Na karanta sau uku kafin in je. Irin wannan bindigar, mai gidan harsashin da ake zarewa, jiharmu ba ta yarda ƙotarta ta kasance da ramin yatsa ba. Wa'adin rajista kuwa ya wuce tun Kawu bai san an buɗe ba.

"To, lauya," ya ce, "harsashin ne laifi ko ƙarfen?"

"Ramin ne, Kawu."

"Rami. Wajen da babu komai. Shi za a ɗaure ni a kai?"

Na ce haka aka rubuta. Na ce ko a toshe ramin, ko a sauya ƙota, ko a miƙa bindigar ga hukuma.

Washegari na kai shi shagon Lonnie Pruitt, mai gyaran bindigogi, wanda suka shekara talatin suna zagin juna.

"Wa ya buɗe wa tsohon bunsurun nan ƙofa?" in ji Lonnie. "Tun daga titi na jiyo warinka."

"Warin aiki ne. Ina za ka san shi, kai da kujera ta haife ka?"

Lonnie ya buɗe bargon da aka naɗe bindigar a ciki, sai dariyar ta tsaya masa. Ya san aikin. Shi ya ara wa Eneko kurfin da ya yi sassaƙar da shi.

"Yaron nan bai dawo mini da kurfina ba, ka sani," ya ce a hankali.

"Yana gida. Ka zo ka ɗauka in kana da ƙafa."

Lonnie ya ce abin bai fi na minti ashirin ba: zai yanka katako ya cusa, ya cike gefen da gam da garin katako, ya goge, ba mai ganewa. Kawu ya gyaɗa kai. Lonnie ya dama gam ɗin a murfin gwangwani, warinsa ya cika shagon. Yana kai tsinke bakin ramin, Kawu ya riƙe masa hannu.

"Kada ka binne shi."

Gam ɗin ya fara daskarewa a murfin.

Ban san inda na samu murya ba. Na ce dokar ba ta hana mutum ajiye guntun katako ba. A kwance ƙotar, a sa wa ƙarfen wata, ramin ya zauna yadda yake.

"Ka ji amfanin makaranta," in ji Lonnie. "Da kai ma ka je, da yanzu ba ka bin gindin tumaki."

Ya kwance kusoshi biyu, ya sa wa bindigar baƙar ƙota ta roba, miƙaƙƙiya, wadda babu inda yatsa zai shiga. Na ji daɗi, na ɗauka na ceci komai.

A mota Kawu ya ɗora tsohuwar ƙotar a cinya. Ya sa yatsa a ramin, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, ta taso masa da sauri don ba nauyin ƙarfe. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Mun wuce gonakin auduga, mun hau gadar magudanar, wadda kullum yake kawar da kai in mun zo ta. Ranar bai kawar ba, ƙotar yake kallo.

"Amaia," ya ce, kuma ba kasafai yake kiran sunana ba. "Kullum da safe in na ɗauke ta daga bayan ƙofa, ramin nan da ɗuminsa nake samunsa. Kamar yanzu wani ya zare hannu. Ban taɓa faɗa wa uwarki ba."

Na rage gudu. Na ce wataƙila rana ce ke dukan wajen ta taga.

"Babu taga a bayan ƙofa." Ya miƙo mini. "Taɓa ki ji."

Na sa yatsana. Tun daga shago yake riƙe da ita, ga zafin rana, amma cikin ramin sanyi ƙalau, kamar bakin tulu.

Da muka isa ya jingine bindigar a bayan ƙofa, ya tsaya da ƙotar a hannu yana duba ɗakin, ya rasa inda zai ajiye ta. Daga ƙarshe ya ɗora ta a kan firji. Tumaki na ta kuka a garke. Ya sa hularsa, ya fita ya buɗe famfo, ya tsaya har kwamin ruwansu ya cika.