Tsibirin da Gajere Yake Bari a Bayan Kunne

Ana ta yaɗawa a unguwa wai ɗan kawuna Gajere, mai aski, yana barin ɗan tsibirin gashi a bayan kunnen hagun mutane don aljanunsa su sami wurin kwana. Ƙarya ce tsagwaronta. Wane aljani ne zai iya zama da Gajere? Ni na san asalin tsibirin nan, domin a kaina aka haife shi.

Da kawu ya kai shi koyon aski, Gajere ya rantse ba zai taɓa kan baƙo ba sai ya ƙware, wai shi zuciyarsa ba ta ɗaukar zagi. Sai ya zaɓi kaina. Kullum ya kifa bokiti a tsakar gida ya dasa ni, ya shaƙe mini wuya da tsohon zanin inna. Gashi bai gama leƙowa ba ya bi shi da inji. Har ta kai in gashina ya ji takunsa, komawa ciki yake yi.

To ni ina da wani ƙulu a bayan kunnen hagu, tun faɗuwar da na yi daga keke. Ranar farko inji ya cije shi, na kurma ihun da ya watsa kajin maƙwabta. Daga ranar hannun Gajere ya ɗauki karatu: in ya iso wurin sai ya yi tsalle ya dira a gaba. Da yake ƙulun ba ya fid da gashi, aski ya riƙa fita tas, gwani ya riƙa hura hanci.

Abokin koyonsa kuwa, Mai Hula, duk kan da ya samu hawa yake yi: yaro mai mutsu-mutsu, tsoho mai sanƙo, mai doguwar ƙeya, mai kai kamar tulu. Ya sha zagi har ya ƙoshi. Gajere yana gefe yana taɓe baki.

"Dubi ɓarna," in ji shi. "Ni kai ɗaya na riƙe, amma na san shi kamar yunwar cikina."

Kujera ɗaya ta rage a shagon da suke koyo, ta gaban babban madubi. Maigida ya ce wanda ya fi hannu shi zai same ta, ɗayan ya ci gaba da sharar gashi. Ranar gwaji aka ba Gajere telan da ke maƙwabtaka da su, bawan Allah mai gashi, amma kansa ba ƙulu ba tudu, kamar ƙwai. Inji na tafiya lafiya lau, yana isa bayan kunne ya daka tsalle. Aka kawo wani direba, nan ma tsalle.

"Kai, me kake tsallakewa?" in ji maigida. "Kwata ka gani a kan mutane?"

"Wallahi maigida ba ni ba ne, hannun ne."

Tela ya shafa tsibirinsa ya ce, "Ko in biya kuɗin haya ne a zuba mini tumaki su yi kiwo a nan?"

Maigida ya rataya wa Gajere jakar injin caji, ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen wata: ya bi gareji da tasha da bakin kasuwa, duk kan da ya tsaya ya aske shi kyauta. Nawa kuwa haramun.

Ya ɓata kawuna ba adadi. Wani bakanike ya bi shi da sifana har bakin titi. Amma kowane kai da irin tudunsa da kwarinsa, dole hannun ya daina haddar hanya ya koma jin abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙarshen wata ya aske maigida da kansa, ba tsalle ba tsibiri. Mai Hula ya riga ya sami shago a wata unguwa, kujera ta zama ta Gajere.

Jiya na je na miƙe ƙafa a kanta, shago cike da mutane, na ce:

"Ranka ya daɗe, sarkin tsalle, a yi wa tsohuwar makarantarka aski kyauta."

Ko kallona bai yi ba, yana kaɗe inji ya ce, "Tashi, ɗan goggo. Wannan kan naka da ƙyar na warke daga gare shi. Kai shi wajen masu gyaran titi su fara baje shi, ni kan mutane nake askewa yanzu."